Yadda Ake Shirya wa Ƙadangare Mai Gemu Mazauni, Zafi da Abinci

Da yawa daga cikin cututtukan da ke kwantar da ƙadangare mai gemu a hannun masu kiwo ba daga wata ƙwayar cuta suke tasowa ba. Daga akwatin da aka ajiye shi suke tasowa: fitilar da ba ta dace ba, zafin da ba a auna ba, abincin da ba kalsiyam, sinadarin gina ƙashi, a cikinsa. Abin tausayin shi ne yana da juriya ƙwarai. Sai ya yi wata da watanni yana ci yana kallon mutane kamar lafiya lau, alhali ƙasusuwansa na lalacewa a ɓoye, ranar da mai shi zai farga kuwa muƙamuƙi ya riga ya yi laushi.

Asalinsa daga busassun yankunan tsakiyar Ostireliya yake. Sunansa na kimiyya Pogona vitticeps, a wuraren sayar da dabbobi kuma bearded dragon ake ce masa. Ostireliya ta hana fitar da namun dajinta tun shekarun 1960, don haka waɗanda ake sayarwa a wasu ƙasashe a hannun masu kiwo aka ƙyanƙyashe su. Babbansa yakan kai santimita 45 zuwa 60 har da wutsiya, nauyi kuma giram 300 zuwa 500, kuma in ya samu kulawa yakan yi shekara 8 zuwa 12, wasu ma su haura. Ka kuma binciki dokar inda kake zaune kafin ka saya, don akwai wuraren da aka hana ajiye shi, kamar jihar Hawai ta Amurka.

Abu ɗaya ne ginshiƙin kiwonsa. Jikinsa ba ya samar da ɗumi da kansa. A daji, da safe zai hau dutse ko kututture ya sha hantsi har jikinsa ya kai kusan digiri 35, sannan ya sauko neman abinci, in rana ta take ya shige inuwa ko rami. Da wannan kai da komo yake narka abinci, yake gina ƙashi, yake yaƙar cuta. A cikin ɗaki kuwa ba shi da rana sai wadda ka haɗa masa, ba shi da inuwa sai wadda ka bar masa. Duk digirin da za a ambata a nan na ma'aunin Salsiyos ne.

Mataki na 1: Akwati

Ka sayi akwatin tun kafin ƙadangaren, kuma ka sayi babba tun farko. Mafi ƙanƙanta da ya dace da babba shi ne mai tsawon santimita 120, faɗi 60, tsayi 60. Masu sayarwa sukan ce ɗan ƙarami ƙaramin akwati yake so, sai ya girma a canza. Ban yarda da wannan ba. Cikin shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi yake kaiwa girmansa, ka ga an yi sayayya sau biyu ke nan. Abin da ya fi wannan muni, ƙaramin akwati ba ya rabuwa gida biyu: in ka kunna fitilar zafi a ciki, ko'ina sai ya ɗauki zafi, dabbar ta rasa inda za ta gudu. Ɗan ƙarami ba ya ɓata a babban akwati muddin akwai wuraren ɓuya.

Na katako da aka shafe da abin hana ruwa shiga, ko na roba mai kauri irin PVC, sun fi na gilas zalla riƙe ɗumi, kuma bangonsu da ba a gani ta ciki yana kwantar masa da hankali. A guji katakon da ke fitar da ƙamshi mai ƙarfi, irin su sida da ɗanyen fayin, saboda man da ke cikinsu yana cutar da numfashinsa.

Ƙofa ta zama ta gaba, ba ta sama ba. A tsakiyar kansa akwai wani ɗan ɗigo mai jin haske da inuwa, wanda ake kira ido na uku. Da shi yake gane inuwar shaho ta gifta a kansa. Hannun da ya sauko masa ta sama, a wurinsa maharbi ne ya zo.

A tabbata akwai ramukan iska, wasu ƙasa a ɓangaren sanyi, wasu sama a ɓangaren zafi, don iska ta riƙa ratsawa. A ajiye akwatin nesa da taga. Rana in ta bugi gilas kai tsaye, cikin ɗan lokaci zafin ciki zai kai wanda ke kisa, kuma babu amfanin da za a samu, don gilas yana tare hasken da ake nema daga ranar.

Ɗaya ake sawa a akwati ɗaya. Ba ya kewa, ba ya neman aboki. Maza biyu faɗa za su yi, namiji zai takura wa mace da barbara, ƙanana kuma sukan gutsire wa juna yatsu da bakin wutsiya, wutsiyar wannan ƙadangaren kuwa in ta gutsire ba ta sake tohowa. In ka ga hoton biyu ɗaya a kan ɗaya, ba ƙauna ba ce, na saman ya tare wa na ƙasan haske ne.

Mataki na 2: Zafi

Ka raba akwatin a zuciyarka gida biyu. Duk fitilu su taru a gefe ɗaya, ɗaya gefen a bar shi da sanyi da inuwa. Abin da ake nema shi ne:

Saman dutsen shan hantsi: digiri 40 zuwa 43.
Iskar ɓangaren zafi: wajen digiri 32 zuwa 35.
Ɓangaren sanyi: digiri 24 zuwa 28.
Dare: babu laifi ya sauka zuwa digiri 18.

Ƙwan fitilar halojin mai baza haske shi ya fi dacewa, don zafinsa ya fi kama da na rana kuma yana ratsa fata. Ka nemi mai baza haske a fili, ba mai tattara shi wuri guda ba. So ake da'irar zafin ta rufe jikin ƙadangaren tun daga kai har gindin wutsiya. In ɗan ɗigo ne kawai ke da zafi, zai zauna a ƙarƙashi bayansa na ƙuna, ƙafafunsa na sanyi, ya ƙi tashi domin jikinsa bai gama ɗumama ba. In ƙwai ɗaya bai rufe ba, a jera biyu masu ƙaramin ƙarfi kusa da juna.

Za ka so a faɗa maka wat nawa za ka saya. Babu mai iya faɗa maka daga nesa, don ya danganta da zafin ɗakinka da tsayin akwati da nisan dutse daga fitila. Yawanci tsakanin wat 50 da 100 ake dacewa. Fara da na tsakiya, ka auna, ka gyara: ko ka ɗaga dutsen, ko ka sauke shi, ko ka canza ƙwan.

Awon kuwa da kayan aiki biyu ake yinsa. Na farko ma'aunin zafi irin na bindiga, wanda ake nuna wa abu ya faɗi zafin samansa. Da shi ake auna dutse, bayan fitila ta yi awa biyu zuwa uku a kunne. Na biyu ma'auni mai lamba da ɗan wayar da ake ajiyewa a ciki, ɗaya a kowane gefe, don auna iska. Waɗancan masu zagaye da allura da ake mannawa a bango, ka bar su a shago. Sukan yi kuskuren digiri da dama, kuma bangon suke aunawa, ba inda dabbar ke kwanciya ba.

Sai na'urar daidaita zafi, wato tamostat. Ka sayi irin wadda ke rage ƙarfin wuta a hankali, ba mai kashewa da kunnawa ba, don waccan za ta mai da akwatin wuri mai walƙiya yini guda, ta kuma ƙone ƙwan da wuri. Amfaninta ya fi fitowa ranar da gari ya yi zafi ba ka gida. Mai zaune a wuri mai zafi ya lura da wannan da kyau: matsalarsa ba samar da zafi ba ce, samar da sanyi ce. In ɓangaren sanyi ya wuce digiri 32 yini bayan yini, a rage ƙarfin fitila, a ƙara ramukan iska, a mai da akwatin ɗakin da ya fi sanyi a gidan, a kuma zuba ƙasa mai kauri da zai iya haƙa ya shige.

Abubuwa biyu ne nake roƙon ka guje musu. Dutsen roba mai wuta a ciki, wanda ake sayarwa don ƙadangaru su kwanta a kai, yana ƙone musu ciki, domin daga sama suke lura da zafi, ba sa saurin jin na ƙasa. Sai jar fitila ko shuɗiya ta dare. Ana cewa ba ya ganinta, alhali yana gani, idonsa ma ya fi namu rarrabe launi, kuma tana hana shi barci. Dare duhu yake so da ɗan sanyi. In ɗakin na sauka ƙasa da digiri 16 ko makamancin haka, a sa abin ɗumama na tangaran wanda ba ya ba da haske, a haɗa shi da tamostat.

In wuta ta ɗauke na 'yan awoyi, babu abin tashin hankali, sai dai kada a ba shi abinci har ta dawo ya ɗumama. Abincin da ya shiga cikin sanyi ba ya narkewa, zama yake yi ya ruɓe.

Da zarar komai ya daidaita, shi da kansa zai nuna maka. Da safe zai hau dutse, jikinsa ya yi duhu, ya baje don ya kwashi zafi. Can sai launinsa ya washe, wani lokaci ya buɗe baki yana fitar da zafin da ya yi yawa, sannan ya sauka ya kama yawo. Wanda ya yini a kan dutse bai sauka ba, zafin bai ishe shi ba. Wanda ya maƙale a lungun sanyi yana karce bango, zafin ya yi masa yawa.

Mataki na 3: Hasken UVB

A nan ne aka fi yin asara, don kuskuren ba ya nunawa da wuri.

A cikin hasken rana akwai wani kashi da idonmu ba ya gani, ana kiransa UVB. In ya sauka a fatar ƙadangare, kuma fatar na da ɗumi, jiki yana haɗa bitamin D3. Hanta da ƙoda su sarrafa shi, sannan hanji ya iya tsotse kalsiyam daga abinci. In babu wannan hasken, ko an cika masa ciki da kalsiyam wucewa zai yi. Jini kuma ba ya haƙura da rashin kalsiyam, don tsoka da jijiyoyi da zuciya da shi suke aiki, sai jiki ya koma yana ɗiba daga ƙashi. Daga nan sai ka ga yatsu na rawa, ƙafafu sun kumbura, muƙamuƙi ya yi laushi ya karkace, baya ya lanƙwashe, har ya kasa ɗaga cikinsa daga ƙasa. Likita zai iya tsayar da cutar, amma ƙashin da ya riga ya karkace haka zai zauna.

Fitilar zafi ba ta ba da UVB. Dole a sayi tasa daban: doguwar fitila mai kama da sanda, samfurin T5 mai ƙarfi, wadda aka rubuta wa kashi 10 ko 12 cikin 100. Na kamfanin Arcadia da ReptiSun na kamfanin Zoo Med su ne aka fi sani. Ƙananan ƙwayaye masu murɗe da ake ɗaurawa kamar ƙwan ɗaki ba sa isa, haskensu ɗan wuri kaɗan yake rufewa.

Tsawonta ya kai rabin akwati ko ya ɗan ɗara, a ɗaura ta a gefen zafi, daf da fitilar zafi, yadda in ya hau dutse zai samu biyun a lokaci guda, kamar dai yadda rana take ba shi. Ɗaya gefen a bar shi da inuwa. Nisan da ke tsakaninta da bayan ƙadangare yawanci santimita 30 zuwa 40 ne, amma ka bi abin da kamfanin ya rubuta a kwali, don ƙarfinsu ya bambanta. Kada gilas ko roba su shiga tsakani, suna tare hasken kusan gaba ɗaya. Raga ma tana rage shi sosai, don haka in a saman raga za ta zauna sai a ɗan matso da dutsen. A sa ta cikin mariƙi mai madubin ƙarfe a baya, wanda ke turo hasken ƙasa.

Ga tarkon: fitilar tana ci gaba da haske ga idonka bayan UVB ɗinta ya yi rauni. Samfurin T5 ana canza shi duk wata 12, tsohon samfurin T8 kuma duk wata 6. Ranar da ka ɗaura, rubuta kwanan wata a jikin mariƙin da alƙalami mai kauri. Wanda ke da hali ya sayi na'urar auna ƙarfin UVB da ake kira Solarmeter 6.5, ya nemi lamba 4 zuwa 6 a kan dutsen, ya huta da kintace.

Fitilun duka a haɗa su da agogon da ke kunna wuta ya kashe da kansa, awa 12 zuwa 14 a kunne. In ka ƙara farar fitilar LED mai ƙarfi don akwatin ya yi haske tar, za ka ga bambanci a kuzarinsa da cin abincinsa, domin dabbar fili ce mai rana.

Ranar gaske ta fi kowace fitila. In yanayi ya yi daidai, a fitar da shi cikin kejin raga mai inuwa a gefe, kana tsaye a wurin. Kada a taɓa fitar da shi rana cikin akwatin gilas ko roba.

Mataki na 4: Shimfiɗa da kayan ciki

A watannin farko, da kuma duk lokacin da ba shi da lafiya, takardar goge hannu ko tayil mai ɗan kaushi sun wadatar. Suna da sauƙin tsaftacewa, kuma za ka ga kashinsa sarai. Bayan ya kafu, zafi da haske sun daidaita, ana iya zuba masa cakuɗen ƙasa marar taki da maganin ƙwari da wankakken yashi, kaurin santimita 10 ko fiye, don yana son haƙa. Masu kiwo sun daɗe suna jayayya kan yashi saboda tsoron toshewar hanji. Abin da na fahimta shi ne lafiyayye mai samun zafi da ruwa yana fitar da ɗan abin da ya haɗiya, wanda ke cikin sanyi shi ne hanjinsa ke tsayawa. Amma yashin kalsiyam mai launi, da niƙaƙƙen ɓawon gyaɗar turawa da ake kira walnot, da ɓarzajjen katako, waɗannan babu jayayya a kansu, a bar su.

Dutsen shan hantsi ya zama faffaɗa, mai riƙe zafi, a kafe yadda ba zai gangaro ya danne shi ba in ya haƙa ƙarƙashinsa. A sa kauraran rassa don hawa, da maɓoya biyu, ɗaya a kowane gefe. Laimar iska ta tsaya wajen kashi 30 zuwa 40 cikin 100 da rana. Kwanon ruwa marar zurfi a ɓangaren sanyi.

Mataki na 5: Kunna komai, ka jira

Bari akwatin ya yi mako guda yana aiki babu kowa a ciki. Auna da safe, da tsakar rana, da tsakar dare, ka rubuta. Sai lambobin sun zauna kafin ka je ɗauko shi.

Mataki na 6: Zaɓe da makon farko

Nemi mai buɗaɗɗun idanu masu haske, mai ɗaga ƙirji a kan ƙafafunsa, gindin wutsiya a cike, baki a rufe daidai babu majina, dubura a tsaftace, yatsu cikakku. Ka guji jariri sabon ƙyanƙyasa, wanda ya kai santimita 15 ko fiye ya fi jure sauyin wuri. Nemi a ba shi abinci a gabanka. In ka ga tabo rawaya mai ɓawo a fatarsa ko a fatar waɗanda ke tare da shi, juya ka tafi, akwai wata cutar fata mai yaɗuwa mai wuyar magani da ke farawa haka.

In ya iso, ƙyale shi. Zai iya ƙin abinci na wasu kwanaki, gemunsa ya yi baƙi, cikinsa ya fito da zane-zane masu duhu. Baƙunta ce. Sai bayan mako ɗaya ko biyu za ka fara ɗaukarsa, ka zura hannu ta gefe zuwa ƙarƙashin ƙirji, ka tallafe ƙafafu huɗu da gindin wutsiya. A cikin wannan lokaci ka kai sabon kashinsa wurin likitan dabbobi da ya san masu rarrafe a duba tsutsar ciki.

Mataki na 7: Abinci

Yana cin ƙwari yana cin ganye, amma rabon yana juyawa da shekaru. Ƙarami mai girma, kusan kashi uku cikin huɗu na abincinsa ƙwari ne. Babba kuwa akasin haka, ganye ne mafi yawa. Rashin juya wannan rabon shi ya sa ake ganin manya masu teɓa, hanta cike da kitse, suna mutuwa tun ba su tsufa ba.

Ɗan ƙasa da wata huɗu a ba shi ƙwari sau biyu zuwa uku a yini. Daga nan zuwa shekara ɗaya, sau ɗaya a yini. Babba, sau biyu ko uku a mako, 'yan ƙwaya kaɗan. Ganye kuma kullum, tun yana ƙarami, ko da tattakewa kawai yake yi. Wanda bai saba ganin ganye da ƙuruciya ba, sai an sha fama da shi in ya girma.

Ƙwarin da za a dogara da su: gyare, fara, kyankyason kiwo da ake kira dubiya, tsutsar baƙin ƙudan soja wadda ke da kalsiyam a jikinta, da tsutsar siliki. Tsutsar garin hatsi da babbar 'yar'uwarta suna da kitse da ɓawo mai tauri, sai jefi-jefi kuma ga manya. Tsutsar kakin zuma kitse ya yi mata yawa, in ya saba da ita zai ƙi komai. A riƙa sauyawa, kada a tsaya kan iri ɗaya.

Girman ƙwaro kada ya wuce tazarar da ke tsakanin idanunsa biyu. Ga ƙanana wannan doka ce mai tsauri, don babban ƙwaro na iya toshe hanji har ƙafafun baya su shanye.

Kada a kamo masa ƙwari daga waje. Ba ka san maganin feshin da suka taka ba, ko tsutsar da suke ɗauke da ita. Ƙwaron nan mai walƙiya da dare kuwa guba ne gare shi, guda ɗaya tak ya isa ya kashe shi.

Ƙwaro buhu ne, abin da ka zuba a ciki shi ƙadangare zai ci. Kwana ɗaya ko biyu kafin ka miƙa su, ciyar da su ganye mai kyau da karas da kabewa. Gyaren da ya kwana uku a kwali babu ci, ɓawo ne kawai. Bayan ya gama ci, kwashe waɗanda suka rage, don gyare yana cizon ƙadangare in yana barci.

A ɓangaren ganye, ana neman mai duhun kore wanda kalsiyam ɗinsa ya fi sinadarin fosfaras yawa, irin waɗannan ganyayen turawa: ganyen kolad, ganyen mustad, ganyen tanif, dandeliyon, roket da endif. A ƙara gurzajjiyar kabewa, ɗan jan tattasai marar yaji, ɗanyen koren wake, da karas lokaci-lokaci. Alayyafo yana da sinadarin da ke ɗaure kalsiyam ya hana jiki amfana da shi, sai kaɗan can ba a rasa ba. Kabeji ma kada ya zama na kullum. Latas mai farin ganye ruwa ne kawai. Afokado, albasa, tafarnuwa da wani tsiron turawa da ake kira rubab ba a ba shi sam.

'Ya'yan itace mutane ke son ba shi don yana rububinsu. A taƙaita ƙwarai, ko a bari gaba ɗaya. Haƙoransa a manne suke a saman ƙashin muƙamuƙi, ba su da rami irin namu, don haka zaƙi in ya ɓata dasashi, ciwon yana saurin kaiwa ga ƙashi.

A wanke ganye, a yayyanka daidai bakinsa, a ajiye da safe. Kada a ba shi abinci sai fitila ta yi awa ɗaya a kunne, kuma a daina aƙalla awa biyu kafin ta mutu.

Ƙwari suna da fosfaras da yawa, kalsiyam kaɗan, alhali abin da jikinsa ke so shi ne kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu. Shi ya sa ake barbaɗa musu garin kalsiyam. Zuba ƙwarin a kofi, sa ɗan garin, girgiza har su yi fari-fari, ba har su dulmuye ba. Ƙanana kusan kullum, manya duk ranar ƙwari. In fitilar UVB mai kyau ce, garin da ba D3 a ciki shi ne na yau da kullum, don D3 na baki in ya yi yawa yana taruwa ya yi illa, wanda fata ke haɗawa kuwa jiki yana tsayar da shi in ya isa. Garin bitamin gauraye sau ɗaya a mako ko mako biyu.

Ruwa a canza kullum ko ba ka taɓa ganin ya sha ba. Da yawansu ba sa gane ruwan da ke tsaye. Ɗiga masa a kan hanci, in yana so zai lasa. A tare da kashinsa akwai wani farin abu, shi ne fitsarinsa. In fari ne mai laushi, ruwa ya ishe shi. In ya yi tauri ya koma rawaya, a ƙara ruwa da ɗanyen ganye.

Tsafta, da abubuwan da za su tsorata ka

Kwashe kashi da zarar ka gani, ka wanke kwanuka kullum. Kamar sauran masu rarrafe, yana iya ɗauke da ƙwayar cutar salmonela, mai kama mutane, ba tare da ta dame shi ba. Wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa shi ko kayansa, kada a wanke kwanukansa inda ake wanke na abinci, kada a sumbace shi, kuma a nisanta shi da yara 'yan ƙasa da shekara 5 da masu raunin garkuwar jiki.

Zai yi saɓa, ƙarami a kai a kai, babba jefi-jefi kuma gutsure-gutsure. Fatar za ta yi fari, ya rage ci, ya yi fushi. Kada ka ja masa. Duba dai yatsu da bakin wutsiya, in tsohuwar fata ta ɗaure a nan kamar zobe tana iya tsayar da jini, sai a jiƙa da ruwa mai ɗumi a murza a hankali.

Bayan ya wuce shekara ɗaya, lokacin sanyi zai iya shiga maɓoya ya daina ci, ya yi makonni ko watanni yana barci. Ɗabi'arsa ce ta asali. Amma rashin lafiya ma haka take kama, kuma sikeli ne ke raba su: mai barcin sanyi nauyinsa kusan ba ya motsi, marar lafiya kuwa zubewa yake yi. Don haka ka riƙa auna shi da sikelin kicin, ƙarami duk mako, babba duk wata, ka rubuta. Ɗan ƙasa da shekara da ya kwanta haka, likita za a kai shi.

Mace tana iya yin ƙwai ko ba ta taɓa ganin namiji ba, sau da yawa 15 zuwa 30 a zubi ɗaya. In ka ga cikinta ya cika, ta ƙi abinci, tana haƙa ko'ina, ba ta akwati mai ƙasa mai ɗan danshi, zurfin santimita 20 zuwa 30, ka kuma ƙara mata kalsiyam. In ta yi kwanaki tana yunƙuri babu ƙwai, jikinta ya saki, wannan na gaggawa ne.

Haka nan rawar yatsu, jan ƙafafun baya, kumburin muƙamuƙi, numfashi da baki buɗe nesa da fitila tare da majina, jini a kashi, idanu da suka faɗa, ko gemun da ya yini baƙi kwana da kwanaki. In za ka je wurin likita, tafi da hoton akwatin gaba ɗaya, da takardar da kake rubuta zafi da nauyi, da kwalin fitilar UVB da ranar da ka ɗaura ta, da sabon kashi a cikin leda in ya samu. Waɗannan ne zai fara tambayarka.